Asabar a gareji: an zaɓi injin, turbo zai jira

Yau aka rufe maganar injin da za a ɗora wa ƙaramar motar da nake haɗawa, bayan shasinta ya daɗe a kan buloluka a garejin da ke kusa da Ƙofar Ƙaura a Katsina. Tsarin motar na Lotus Seven ne, wadda Colin Chapman ya fito da ita a Ingila a 1957, mai kujera biyu, ba ƙofa ba rufi. A can kamfanoni irin su Caterham da Westfield suna sayar da ita guntu-guntu mutum ya haɗa a gidansa, mu kuwa a nan da bututun ƙarfe da mai walda muka fara, sauran kayan kuma sai abin da kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ta ba mu.

Duk wanda na ce wa injin babur zan sa wa mota sai ya yi dariya, domin hankalinsa yana tafiya ne ga Bajaj Boxer na 'yan acaɓa mai cc 100. Wanda nake nufi shi ne na manyan baburan tsere na Japan masu silinda huɗu, waɗanda injinsu da akwatin giyarsu ke cikin gida ɗaya, kuma ƙarti biyu suna iya ɗaga su gaba ɗaya. Motar da nauyinta ba zai wuce rabin tan ba tana cin ribar wannan rashin nauyi fiye da komai.

Da hantsi dillalin ya iso daga Kano da injina biyu a bayan a-kori-kura, dukansu an ciro su daga baburan da suka yi haɗari. Ɗaya na Yamaha R1 ne, na zubin farko da ya fito a 1998, mai cc 998 da ƙarfin doki 150, yana aiki da kafireta. Ɗayan na Suzuki Hayabusa ne, shi ma na zubin farko wanda aka fara a 1999, mai cc 1299 da ƙarfin doki sama da 170, kuma da nozul yake shan mai. Maigidan garejin, wanda duk muke ce wa Baba, bai ko kalli fentinsu ba. Ya sa aka kwance kusar ƙasa aka tari ragowar baƙin man kowanne a cikin farin kwano, ya murza shi tsakanin yatsunsa, sannan ya ja maganaɗisu a ciki yana neman ɓurɓushin ƙarfe. Daga nan aka cire fulogai aka jera su a kan kwali bisa tsarin silinda, aka haɗa batir, aka auna matsin kowace silinda. Na Hayabusa duka huɗun sun zo kusa da juna, fulogansa kuma launin ƙasa-ƙasa ne, ba mai a jikinsu. Na R1 ma bai nuna wani aibu ba, kuma kuɗinsa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Ƙanena ya tsaya a kan R1. "Yaya," in ji shi, "tun da turbo za ka sa, ai ƙaramin ma zai kai inda kake so, ka rage kuɗin ka sayi tayoyi da birki." Maganarsa tana da hujja, amma akwai abubuwan da suka rinjaye ta. Babur yana ɗaukar kansa ne da mutum ɗaya, mota kuwa ko ta kai yaya rashin nauyi ta ninka shi, saboda haka ƙarfin murɗawa a lokacin tashi ya fi muhimmanci a kan ƙarfin dokin da ba ya zuwa sai allura ta kai ƙarshe, kuma a nan babban injin ya yi wa ƙaramin nisa. Ban da haka, Hayabusa yana matse iska da mai kashi 11 zuwa 1 ne, na R1 kuwa ya kai 11.8, kuma gwargwadon yawan matsin gwargwadon wahalar ƙara masa iska, wanda shi ne aikin turbo. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka ƙera shi: bulon silinda na Hayabusa daban yake da gidan karanshaf, don haka ana iya ɗaga shi a shimfiɗa siririn faranti a ƙarƙashinsa a rage matsin ba tare da an canza fistin ba. A R1 silindojin a haɗe suke da rabin gidan na sama, babu inda farantin zai shiga. Shi ma farantin yana da nasa sharaɗi, domin idan bulo ya ɗaga, lokacin buɗewar bawul yana gocewa, sai an sa haƙoran kamshaf masu saiti an mayar da shi daidai.

Bayan sallar Azahar muka zauna a inuwar darbejiya kan maganar turbo ɗin kansa. Yaran garejin sun saba ganinsa a manyan motocin dizal, amma ba su taɓa tunanin abin da yake yi wa injin fetur ba, sai na kwatanta musu da zugazugin maƙera: wuta ba ta ƙara ƙarfi don an tula mata gawayi, sai an hura mata iska. Hayaƙin da ke fita yana juya wata farfela, ita kuma tana juya 'yar uwarta da ke kan sanda ɗaya da ita, wadda ke cusa iska cikin injin, kuma juyin yana wuce sau 100,000 a minti. Dabarar tsohuwa ce, tun 1905 wani injiniya ɗan Suwizalan mai suna Alfred Büchi ya yi mata rajista. A farkon shekarun 1980 Honda da Yamaha da Suzuki da Kawasaki duk sun fitar da babura masu turbo, ba su daɗe a kasuwa ba, saboda nauyi da tsada da kuma jinkirin da ake samu kafin ƙarfin ya zo.

Iskar da muke shaƙa matsinta wajen 1 ne a ma'aunin da ake kira bar. Idan turbo ya ƙara rabin bar, injin yana samun kusan rabin abin da yake sha a da a kan na da, kuma dole man ya ƙaru daidai da haka, wato manyan nozul, da famfon mai mafi ƙarfi, da kwamfutar injin da za a iya sake wa saiti. Hatsarin yana wajen zafi. Iska idan aka matse ta tana ɗumama, kuma idan ta shiga silinda da zafi fetur yakan fashe da kansa ba bisa tsari ba, a ji ƙara kamar ana kaɗa ƙananan duwatsu a ciki, kafin a ankara fistin ya huje. Waɗanda suka tsara irin wannan aiki a Turai da sanyin ƙasarsu suke lissafi, kuma suna da zaɓin fetur mai daraja a gidan mai. Mu a Katsina zafin watan Afrilu yana haura digiri 40, fetur kuma iri ɗaya ne a famfo, abin da ka samu shi za ka zuba. Saboda haka na ƙudurta ba zan wuce rabin bar ɗin nan ba, za a sa ƙaramin turbo mai saurin kamawa tare da bawul ɗin da ke sakin rarar hayaƙi, a kuma kafa babbar lagireton sanyaya iska a gaban ta ruwa. Matatar iska ma sai an nemo mai kyau, domin ƙurar hunturu tana cinye fikafikan farfela a hankali.

Baba ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, duk ka yi maganar iska da fetur, ba ka ce komai kan baƙin mai ba." Ya miƙe ya nuna mana kaskon man da ke ƙarƙashin injin. Babur idan zai sha kwana kwanciya yake yi, man ya zauna daram a gindin kaskon inda bututu ke zuƙarsa. Mota ba ta kwanciya, don haka a doguwar kwana man yana tafiya gefe ɗaya, famfo ya zuƙi iska, kuma daƙiƙu kaɗan sun isa su ƙone mital. Ga shi kaskon Hayabusa yana da zurfi, a wannan gajeriyar mota zai riƙa dukan tudun rage gudu. Mafita biyu ce: ko a yanke shi a walda masa shingaye a ciki, ko a koma tsarin da ake ajiye man a tanki daban, famfo na kwashe shi daga ƙasa. Na biyun ya fi tsada, shi kuma na zaɓa, domin turbo ma daga wannan man zai sha, kuma idan ya zauna ƙasa-ƙasa man da ya shiga cikinsa ba zai gangaro da kansa ba sai an janyo shi. Man kansa dole ya zama na babur mai alamar JASO MA, tun da kulocin a cikinsa yake jiƙe, kuma shi ma kulocin zai buƙaci sifirin masu tauri.

Da la'asar muka rataye injin da sarƙa muka sauke shi cikin shasin don gwaji, sai wata matsala ta bayyana wadda zanen Turawan bai ambata ba. Ana juya injin ne yadda sandar da a da ke jan kaca za ta fuskanci baya a ɗaura mata furofela, wato sandar da ke kai juyi ga tayoyin baya, kuma hakan yana mayar da bakunan hayaƙi gefen hagu. A Ingila sitiyari a dama yake, hagu fili ne. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, sitiyarinmu a hagu yake, wato turbo mai yin jajir don zafi zai yi maƙwabtaka da sandar sitiyari da tukunyar man birki da ƙafafuna. Mai walda ya daɗe yana aunawa da tef, daga baya ya ce za a iya jan bututan hayaƙin gaba turbo ya zauna kusa da hancin motar, a karkata sandar sitiyarin da gaɓa biyu, a kuma yi garkuwar zafi.

Ribas kuma babu, domin giyar babur shida ce duk ta gaba. Wani yaro ya tuna mana cewa ko Keke Napep tana da ribas, aka yi dariya. Za mu gwada tsohuwar sitata ta mota a jikin furofela, ta riƙa tura motar baya a hankali da ƙarfin batir.

Kafin Magariba na duba lambar injin ta yi daidai da ta takardun da dillalin ya kawo, na biya kafin alƙalami, R1 ya koma Kano. Mun yi ittifaƙi da Baba cewa motar za ta fara tafiya ba turbo, a ga yadda zafin ruwa da matsin baƙin mai ke zama a kan hanyar Dutsinma da tsakar rana, sannan a ɗaga bulo a sa faranti. Ranar Litinin mai walda zai fara ƙera ƙafafun da injin zai zauna a kai, ni kuma zan kai sandar giyar wajen mai injin gyaran ƙarfe ya auna haƙoranta don haɗin furofela.