Ƙafata ta riga kaina warkewa

Kwana 52 bayan jini ya zuba a ƙwaƙwalwata na taka zuwa masallacin unguwarmu babu sanda, babu mai riƙe ni. Tsakanin gidana da masallacin bai wuce gida bakwai ba. Da aka yi sallama jama'a suka yi ta miƙo hannu, "Alhaji sannu, ya jiki?" ni kuma ina ta amsawa da sauƙi, da sauƙi. A hanyar komawa gida na ƙudurta cewa ranar Asabar zan koma shagona a Kantin Kwari. Har yau in na tuna wannan shawara sai raina ya ɓaci, domin a ganina ita ta ci mini amfanin yatsuna biyu.

Yadda ciwon ya zo ba wani sabon labari ba ne. Shekara shida ina da hawan jini, ina shan amlodipine in na ji kai na sarawa, in ya lafa in jefa katin a aljihun mota. Wata asuba ina alwala buta ta suɓuce daga hannun damana, na buɗe baki zan kira uwargida sai na ji wani irin sauti ya fito, sai amai. Maƙwabcinmu, da kyakkyawar niyya, ya kawo asfirin a jiƙa a ba ni, ƙanena ya hana, ya ce sai an je asibiti. Allah ya saka masa da alheri. Hoton ƙwaƙwalwa na CT ya nuna ba toshewar jijiya ba ce, fashewa ta yi, jini ya taru can ciki a ɓangaren hagu, shi ya sa damata ta shanye. Asfirin yana hana jini daskarewa, da an ɗura mini shi da an ƙara wa wutar fetur. Jinina a ranar 210 bisa 120. Ba a yi mini tiyata ba, aka sauko da jinin, aka bar jiki ya tsotse wanda ya zuba a hankali. Kwana 16 na yi a kwance. Wani ƙaramin likita ya gaya mini cewa a binciken SIREN da aka yi a Najeriya da Ghana, kusan kashi ɗaya cikin uku na masu shanyewar ɓarin jiki irin tawa ce ta zubar jini, kuma hawan jini ne kan gaba wajen jawo ta.

Da aka sallame ni, duk hankalina yana kan ƙafa da hannu. Sau uku a mako ake kai ni gashi, wato atisayen motsa gaɓoɓin da suka shanye. Mai gashin takan zuba wake a faranti ta ce in riƙa ɗauka ɗaya-ɗaya da babban yatsa da manuniya ina sakawa a kofi. A gida ina salla a kan kujera, ina cin tuwo da hagu, abin da ya fi kwanciyar asibiti yi mini nauyi a zuciya, har sai da malaminmu ya zaunar da ni ya ce lalura ce, addini bai ɗora wa rai abin da ba zai iya ba. Ƙafa ta yi saurin dawowa. Magana ma ta dawo, sai dai wani lokaci kalma takan tsaya mini a bakin harshe. Ni a wajena mai tafiya da ƙafarsa ya warke, shi ke nan.

Uwargida ta roƙe ni. "Alhaji, don Allah ka bari likita ya ce ka koma." Na ce mata Salla ta ƙarato, lokacin ciniki ke nan, kuma kuɗin asibiti ya ci jari. Maganar jarin gaskiya ce. Amma da na tambayi likitan, na san abin da zai ce, shi ya sa ban tambaya ba.

Wanda bai taɓa shiga Kwari da ƙwaƙwalwa mai rauni ba ba zai gane abin da zan faɗa ba. Ƙarar janareto, masu baro suna "hanya, hanya", 'yan dako da dila a ka, wannan na taya shadda wancan na neman canji, waya na ringi. Shekara 27 ina cikin wannan hayaniya ban taɓa jin ta ba. Ranar kuwa kowane sauti sai da ya shigo kaina da kansa. Kafin azahar na ji kamar an zuba mini yashi a ka. Wannan ba gajiyar da muka sani ba ce, wadda mutum zai sha shayi ya miƙe ƙafa ta wuce. Ana yi mini magana ina jin kalmomin, amma sai sun ƙi haɗuwa.

A kwana na huɗu wani tsohon kwastomana ya zo daga Maraɗi, ya zaɓi atamfa turmi 37, kala biyu, kowace da kuɗinta. Ni da nake yin irin wannan lissafi a ka kafin yaro ya gama ɗaure kaya, sai lambobin suka riƙa zamewa. Ina riƙe na farko, in na juya kan na biyu na farkon ya tafi. Kalkuleta tana gabana a kan tebur, kunya ta hana ni ɗauka. Na faɗi wani adadi, ya yi tiransfa, ya tafi. Da yamma yaron shago ya buɗe littafi, ya daɗe yana kallo, sannan cikin ladabi ya ce, "Maigida, kamar akwai gyara a nan." Naira dubu 180 na rage wa kaina. Mutumin kirki ne, da aka kira shi ya cika kuɗin. Abin da bai dawo ba shi ne makonni ukun da na yi ina zuwa kasuwa maimakon gashi.

Domin ban daina zuwa ba. Na ce sabo ne, zai dawo. Ina fita da sassafe, sai na fara mance maganin safe, yau na sha gobe ban sha ba, halin da ya kwantar da ni tun farko. Ina dawowa gida in faɗa wa yara da tsawa a kan ƙarar talabijin, daga baya in shiga ɗaki in yi ta hawaye ban san dalili ba. A mako na uku ciwon kai ya tashe ni cikin dare, hannun dama ya yi nauyi kamar ranar farko. Jini 185 bisa 110. Aka sake hoto, alhamdu lillahi babu sabuwar zuba. Likitan bai yi mini faɗa ba. Ya ce, "Alhaji, ƙafa kowa yana ganinta. Wurin da jinin ya zauna ba mai gani, kuma shi ne bai gama warkewa ba." Ya ce watanni uku zuwa shida na farko su ne jiki ya fi saurin karɓar gashi, ana ci gaba da samun sauƙi bayan nan amma a hankali. Ni kuma na ɗauki mako uku daga tsakiyar wannan lokaci na kai kasuwa.

Daga nan na miƙa wuya. Uwargida ta karɓi ragamar 'yan dubiya, abin da da farko na ga kamar wulaƙanta mutane ne: bayan la'asar kawai, kuma ba a daɗewa. Zumunci ne ke kawo su, amma mutum goma a falo kowa na tambayar ya jiki yana kwashe ƙarfin yini guda. Muka sayi na'urar awon jini, safe da dare ana rubutawa a littafin makaranta, likita yana son ya ga ƙasa da 130 bisa 80. Aka rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano a miyar gidan gaba ɗaya, ba tukunyata kaɗai ba. Ciwon jiki in ya zo farasitamol ne, an hana ni diclofenac da ibuprofen da ake saya a kemis kamar alewa. Azumin shekarar ban yi ba, bisa shawarar likita. Mashin kuwa na ba ƙanena.

Sai a wata na bakwai na koma Kwari, wannan karon da izini. Awa biyu, kwana uku a mako, daga ƙarfe tara zuwa sha ɗaya kafin kasuwa ta cika. Kalkuleta a hannu a gaban kowa, kuma yaro ya sake bi. Yanzu ina kaiwa azahar, in yi salla, in koma gida in kwanta awa guda da waya a kashe. Ranar da na ƙi kwanciyar, kalmomi ne ke fara gudu, daga nan na san na wuce gona da iri. In wanda ya yi irin wannan ciwo ya tambaye ni yaushe zai koma aiki, nakan ce ya fara gwada kansa a gida: ya kunna rediyo, yara na wasa, ya yi lissafin cefanen mako. In ya gama kansa bai yi nauyi ba, to ya je ya tambayi likita, kar ya yi yadda na yi.

Ina cin abinci da dama yanzu, ina musabaha, ina sa hannu a takardar banki. Amma babban yatsa da manuniya ba su gama haɗuwa ba. Mai gashin ta ce ba wanda zai iya rantsewa makonni ukun nan ne sanadi, ni dai zuciyata ba ta daina kai ni can ba. Maɓallin wuyan riga har yau ƙaramar 'yata ce ke saka mini kowace safiya, sannan in zauna da farantin wake na minti goma kafin in fita.