Godiyar Iyalanmu ga Jama'ar Nima Bayan Iska da Ruwan Daren Talata

Assalamu alaikum jama'ar Nima da Mamobi da sauran zangunan Akra.

Jiya da la'asar kafinta ya buga ƙusar ƙarshe a rufin ɗakin Hajiya mahaifiyarmu, kuma daren jiya a ɗakinta ta kwana, bayan kwana 12 tana gidan maƙwabta. Shi ya sa na ce yau rana ba za ta faɗi ban fito na yi godiya ba.

Wajen ƙarfe ɗaya na dare iskar ta taso, ta yaye kwanon ɗakuna biyu, aka ɗauke wuta, sannan ruwa ya kece. Kafin mu tattara yara gwata ta cika ta tumbatsa, ruwa ya shigo tsakar gida har gwiwa. Duk wanda yake garin nan ranar 3 ga Yuni 2015, daren da ruwa da wuta suka haɗu a gidan mai na shataletalen Kwame Nkrumah aka rasa kimanin mutum 150, ya san abin da ke zuwa wa mutum a rai in ya ga ruwa na hawa cikin duhu. Hajiya salati kawai take yi. Alhamdulillahi, ba mu rasa kowa ba.

Samarin layinmu, ku ne farko. Ku kuka goyo Hajiya da fitilar waya a baki, kuka koma kuka fito da buhun masara da keken ɗinkin ƙanwata. Wasunku ban ma san sunansu ba sai daren nan. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku abin yi mai ɗorewa. Inna maƙwabciyarmu da ta bar wa Hajiya gadonta ta koma tabarma, kullum safiya ga koko da ƙosai, Allah Ya saka miki da Aljanna.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na 'yan sanda, kuma zan faɗe shi tsakani da Allah. Mu 'yan zango ba mu saba ganin motarsu ta shigo lungu mu yi murna ba. Lokacin da Shugaba Mahama ya naɗa Christian Tetteh Yohuno Sufeto Janar a Maris 2025, ya gaji George Akuffo Dampare, an yi ta muhawara a majalisun shayi, ni kuwa cewa na yi canjin hedkwata ba ya isowa ƙofar talaka. To, a wannan karon na ga abin da ban zata ba. Gidaje a buɗe, kaya a shanye a waje, ba wuta har dare uku, irin lokacin da ɓarayin waya da talabijin suke jira ke nan. Babban jami'in yankinmu da kansa ya zo masallaci bayan isha'i, ya tuɓe takalmi ya zauna da liman da dattawa, ya tambayi lungunan da suka fi duhu, ya haɗa yaransa da samarinmu suna zagaye tare har asuba. Ko cokali ba a ɗauke mana ba. Ranka ya daɗe, mun gode. Roƙonmu, wannan zama kada ya zama sai an yi ruwa.

Ma'aikatan NADMO, hukumar agajin gaggawa ta Ghana, sun zo sun rubuta sunayen waɗanda abin ya shafa, mun samu katifa da bargo da gidan sauro. Ɗan majalisar unguwarmu ya yi ta zirga-zirga zuwa Majalisar Ayawaso ta Gabas har aka turo motar kwashe dagwalon da ya toshe layi. Masu aboboya, babur mai ƙafa uku na dakon kaya, sun yi sawu ba adadi, kuɗin mai kawai suka karɓa. Ma'aikatan ECG, kamfanin wutar lantarki, sun ɗaga wayar da ta faɗo kafin wani yaro ya taka. 'Yan uwa na Kumasi da Tamale da na ƙasashen waje da suka turo gudummawa ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, da ita muka sayi kwano da katako. Wani mai shago ya ƙara kuɗin kwano da ya ga mun matsu. Na bar shi da Allah.

Maganar gwata kuwa tamu ce. Da idona na ga abin da samari suka zaƙulo: ledar ruwa, robobi, tsummoki, har tsohuwar katifa. Gwatocin nan kogin Odaw suke gangarawa, daga can zuwa tafkin Korle, kuma in hanya ta toshe ruwan ɗakunanmu yake dawowa. Masu jiran hadari ya haɗu su juye bola a gwata, don Allah ku dubi Hajiya da ire-irenta.

Liman ya sanar cewa ranar Asabar bayan sallar asuba za a fito yashe gwatar bayan masallaci. Mai shebur ya zo da shebur, mai baro ya zo da baro. Shayi da burodi daga gidanmu ne, Hajiya ta ce ita da kanta za ta dafa.