Kumburin da muka ce maƙoƙo ne

A ƙarshen watan nan zan bar sashen tiyata bayan shekara 4. An ce in bar wa na baya 'yar nasiha, amma da na zauna rubutu, mace ɗaya ce ke ta faɗo min a rai.

Shekarunta 31, ta shigo da goyo a baya. Ta zame mayafi ta nuna min wani kumburi a gaban wuyanta, ɓangaren dama, bai kai goro ba. Na ce ta haɗiye yawu, ya hau ya sauko. Sai dai da na taɓa, tauri gare shi kamar tsakuwa. Gwajin jini na TSH, mai nuna yadda tairod (ƙullin naman gaban wuya mai fitar da sinadaran jiki) ke aiki, ya fito lafiya lau. Na sami babban likitanmu na ce, "Yallaɓai, da an yi mata hoto, a sa allura a zuƙo a duba." Ko ɗago kai bai yi ba. "Maƙoƙo ne. Nawa ka gani a garinku? Sallame ta."

Na sallame ta, kuma hannuna ne a katin. Na san sarai cewa mafi yawan masu kansar tairod jininsu daidai yake fitowa. Ba jahilci ne ya rufe min baki ba, tsoro ne.

Bayan wata 14 ta dawo da kaluluwa biyu a gefen wuya. Allura ta nuna fafilari, irin da ya kai kusan 8 cikin 10 na kansar tairod, wanda kuma ya fi kama mata wajen ninki uku. Da mun kama shi tun farko, ƙila rabin tairod ɗin kaɗai za a cire. Sai ga shi an cire duka, har da kaluluwar. Ta kwana biyu leɓe da yatsu suna mata tsikari saboda kalsiyam ya faɗi. Dole ta yaye yaronta, ta yi doguwar tafiya don shan ayodin mai tururin nukiliya, kuma kullum da asuba sai ta haɗiyi levothyroxine, maganin da ke maye gurbin sinadarin tairod, kafin karin kumallo, har ƙarshen rayuwa.

A taron bitar sashe, shi babban likitan nan ne ya ɗaga katin yana tambaya, "Wa ya sallame ta ba hoto?" Na miƙe tsaye. Ban ce komai ba, amma ban manta ba.

Ku da za ku zo: in babba ya hana gwaji, ku rubuta a fayil cewa kun nema. Ku saurari yadda muryar mara lafiya ke fita kafin tiyata da bayanta. Kada ku ce wa kowa "ai wannan kansar mai sauƙi ce", ko da yake sama da kashi 90 cikin 100 suna wuce shekara 10 da rai.

Tun daga ranar, ba wuyan da ya wuce ta hannuna da kumburi mai tauri ba a yi masa hoto ba. Ita kuwa ta zo a watan jiya, tairoglobulin ɗinta, sinadarin da ake aunawa a jini don bibiyar dawowar kansar, ya sauka ƙasa warwas, alhamdu lillahi. Ta gyara mayafi a kan tabon, ta ce, "Likita, Allah ya saka da alheri." Na kasa haɗa ido da ita.