Asabar, 22 ga Nuwamba, Seoul

Yau tun da safe matar da nake haya a gidanta ta buga min ƙofa wai in fito a yi kimjang, wato haɗa kimchi, kabeji mai yaji da ake bari ya yi tsami, wanda gida zai ci har sanyi ya wuce, kuma ya faɗo daidai da ranar kimchi da gwamnatin Koriya ta ware tun 2020. Aikin gayya ne sosai, kaka ta zo, ƙanwar matar ma ta zo. Tun jiya aka jiƙa kabejin nan nasu mai dogon ganye cikin gishiri, yau sai haɗi, garin barkono, tafarnuwa, citta, farin radish (wata saiwa mai kama da karas), ƙananan jatan lande masu gishiri da ɗan kunun garin shinkafa, sai ka ɗaga ganye ɗaya bayan ɗaya kana shafawa har gindi. Bayana kamar zai tsinke wallahi.

Amma abin da ya tsaya min a rai 'yar gidan ce, shekararta 16, da ƙawayenta biyu da suka biyo mata za su tafi lesin. Kaka ta naɗe ɗanyen ganye ta miƙa mata a baki, ta kauda kai ta ce halmoni (wato kaka) don Allah yanzu na goge baki. Kaka ta dube ni ta ce yaran yanzu ba sa cin kimchi, sai tteokbokki (curin garin shinkafa cikin miya mai yaji) da malatang (romon 'yan China mai yaji).

Ni kuwa ban yarda sun daina ba, don ina ganin yarinyar nan kullum. Abin da ba ta so shi ne wanda ya daɗe ya yi tsami a ajiye mata shi da sanyinsa a gefen shinkafa, da kuma warin da yake bari a baki alhali za ta zauna aji har goma na dare. Amma a soya shi da shinkafa a ɗora ƙwai a kai, ko a yi wainarsa, sai ta share faranti, taliyar ramyeon kuwa ba ta iya ci sai da shi. Na tambayi ƙawayen, ɗaya ta ce onni (wato yaya) ni kkakdugi nake so, na radish ɗin nan da ake yankawa ƙwara-ƙwara saboda garas-garas ɗinsa, ɗayar ta ce a makaranta kusan kullum ana zuba musu amma rabi take bari, na mamanta kawai take ci da daɗi.

To wannan maganar ta ƙarshe ita ta dame ni gaskiya. Na mama suke so, amma ba wadda ta sa hannu a kwanon yau, kuma na kanti ga shi nan a leda ko'ina. UNESCO ta sa kimjang cikin al'adun duniya a 2013, to idan kaka ta tsufa wa zai riƙe?

Da rana su suka ci dafaffen alade da sabon kimchi kamar yadda suka saba, ni aka soya min awara. Kafin yarinyar ta fita na ce ta rubuta awon kayan a waya, kaka ta ce babu awo, hannu ne da harshe. Sai ta tsaya da jaka a baya ta ɗauki bidiyon kaka tana zuba barkono, har ƙawayen suka fara kiranta daga ƙofa.