Abin da Tsohon Gilashin Kyamara Ya Koya Mini

Tsohon gilashin kyamara na farko da na mallaka shi ne Helios 44-2, mai milimita 58, wanda ƙofar haskensa ke buɗewa har f/2 (ƙaramar lamba na nufin faɗin ƙofa da yawan haske). Ƙarfe ne zalla, kana ɗauka za ka ji nauyinsa a tafin hannu. A Tarayyar Sobiyet aka ƙera shi bisa tsarin Biotar na kamfanin Carl Zeiss na Jamus, aka yi ta fitar da shi ba adadi saboda kyamarorin Zenit, shi ya sa har yau bai yi tsada ba. Arahar ce ta ja ni. Ina neman gilashin da zan riƙa ɗaukar fuskokin mutane, sababbin kuwa sun fi ƙarfin aljihuna.

Tun kafin in ɗauki hoto ko ɗaya na fara koyon darasi. Kowane gilashi akwai tazarar da aka tsara masa tsakaninsa da fim, ko na'urar da ke karɓar hoto a kyamarar zamani. Masu zare irin na M42, kamar Helios, suna bukatar milimita 45.46. Kyamara marar madubi ta Sony kuwa tazararta milimita 18 ce kacal, don haka adaftar da ke haɗa su bututu ne kawai da ke cike giɓin, babu gilashi a cikinsa. Wanda ya ɗaura shi a kan Nikon mai madubi, mai tazarar milimita 46.5, zai tarar abin da ke nesa ya ƙi fitowa sarai, sai ya nemi adafta mai ƙarin gilashi. Haka nan a wasu kyamarori sai ka shiga saitin kyamarar ka ba ta izinin ɗauka, domin ita a ganinta babu komai a gabanta.

Babban darasin yana wajen fokas, wato saita gilashi har abin da kake ɗauka ya fito sarai. Wani dattijo na fara ɗauka, yana zaune kusa da taga, haske na sauka a gefen fuskarsa. Na buɗe ƙofar haske gaba ɗaya, na yi ta dannawa kamar yadda na saba da gilashi mai saita kansa. Da na zuba hotunan a kwamfuta sai gabana ya faɗi. A wani hoton hanci ne ya fito tsaf, a wani kunne, idanun kuma duk sun yi dishi-dishi. Daga baya na gane dalili: idan kana mita ɗaya daga mutum a f/2, kaurin wurin da ke fitowa sarai bai kai santimita huɗu ba. Numfashi ɗaya, naka ko nasa, ya isa ya fitar da ido daga ciki.

Na roƙe shi ya sake zama. Wannan karon na ce, "Baba, ka jingina da kujera, ka kalle ni kamar muna hira." Na zuƙo hoton a allo har ƙwayar idonsa ta cika shi, na murza zoben fokas a hankali. Man da ke cikin zoben ya yi kauri saboda tsufa, ba ya yarda da gaggawa. Can sai gashin idonsa ya rarrabe ɗaya bayan ɗaya, hoton tagar ya bayyana ƙarami a cikin idon. Kafin in kai nan ya riga ya gaji da riƙe murmushin da ya tanadar wa kyamara, fuskarsa ta koma yadda iyalinsa suka san ta. A nan na danna. Tun daga ranar na daina ganin wannan jinkiri a matsayin cikas. Mutum ba ya iya riƙe fuskar aro na dogon lokaci, kuma ɗan lokacin da nake murza zobe shi ne yake ba shi damar sauke ta.

Kyamarori na yanzu suna da launin da ke haskaka gefen abin da fokas ya kama. Yana taimakawa, amma ya sha yaudarata, domin yakan haskaka gira alhali idon bai fito ba. Na fi yarda da zuƙowa. Kuma idon da ya fi kusa da ni nake bi, ko yaushe.

Helios ya yi suna da yadda abin da ke bayan mutum a hoto ke jujjuyawa kamar guguwa. Asalin abin aibi ne: a gefunan gilashin ɗigon haske ba ya fitowa da'ira, yana matsewa kamar idon kyanwa, su jeru su zagaye tsakiya. Ba ko'ina yake fitowa ba, sai da ganyen itace da rana ke ratsawa, da 'yar tazara tsakanin mutum da bayansa. Na yi watanni ina farautarsa, har na lura masu kallo suna yabon bayan hoto suna manta mai hoton. Wannan ya dame ni ƙwarai. Yanzu nakan rage ƙofar zuwa f/2.8, juyin ya lafa, fuska ta ƙara fitowa. Nakan kuma ajiye idanu kusa da tsakiya, don gefunan gilashin ba su da kaifi. Idan rana ta haska shi kai tsaye, hoton yakan yi fari-fari kamar hazo, tafin hannu a saman gilashin yana maganin wannan.

Da na sayi Super-Takumar 50mm f/1.4 na kamfanin Asahi na Japan, sai na ga hotuna suna fitowa rawaya-rawaya. Sinadarin toriyom da ke cikin gilashinsa ne ke rina shi da tsufa, kuma shanya shi a hasken rana na kwanaki yana rage launin. Shi ya koya mini kada in sayi tsohon gilashi sai na haska tocila ta bayansa. Funfuna tana bayyana kamar saƙar gizo-gizo, mai kuma yakan yi ƙyalli a kan ganyayyakin ƙofar haske. Ƙura kaɗan ba ta hana komai.

Akwai inda ba na kai tsofaffin gilasan nan. Yaro mai guje-guje, ko taron da abu ke faruwa sau ɗaya ya wuce, sabon gilashi nake ɗauka, don bai dace in yi gwaji da ranar da ba za ta dawo wa mutane ba. Amma idan mutum ɗaya ne zai zauna a gabana, Helios nake ɗaurawa, in jawo kujera kusa da taga, in gaya masa tun farko cewa za mu ɗan jima.