Daga Legas zuwa filin ƙanƙara na Amsterdam: inda tangaɗin jirgin sama ya samo sunansa

Jirginmu ya tashi daga Legas da daddare a watan Janairu, tafiyar awa shida da ɗoriya zuwa Schiphol, filin jirgin saman Amsterdam. Kujerar baya na zaɓa, jikin taga, domin a nan wutsiya motsin jirgi ya fi bayyana. Da muka shiga sararin Sahara iska ta ɗan buge mu ta gefe. Fitilar da ke kan tsinin fiffike ta zana ɗan da'ira mai tsawo a cikin duhu, sau ɗaya, sau biyu, sai ta tsaya cak. Wannan shi ne abin da matuƙa ke kira Dutch roll, wato layi ko tangaɗin mutanen Holan, kuma tsayawarsa da wuri shaida ce cewa na'urar da ke kashe shi tana aiki.

Ga yadda abin yake. Iska ta karkatar da hancin jirgi zuwa dama, sai fiffiken hagu ya yo gaba. Da yake fikafikan jiragen jet a kwance suke zuwa baya, wanda ya yo gaba yana fuskantar iska sosai, ƙarfin ɗagawarsa ya ƙaru, jirgi ya kishingiɗa dama. Shi kuma allon wutsiya mai tsaye yana turo hanci ya koma hagu, amma nauyin jirgi ya sa ya zarce tsakiya. Sai abin ya sake faruwa ta ɗaya ɓangaren. Kishingiɗar kullum tana biyo bayan karkatar hanci, ba sa zuwa tare, shi ya sa tsinin fiffike ke zana da'ira. Tushen matsalar shi ne fikafikai sun fi wutsiya ƙarfin gyara. A can sama inda iska ba ta da kauri abin ya fi jinkirin lafawa.

Mun sauka da asuba, sanyi na ratsa ƙashi. Jirgin ƙasa daga ƙarƙashin filin jirgin ya kai ni tsakiyar Amsterdam cikin ƙasa da minti 20. Magudanan ruwan birnin ba su daskare ba, yanzu ba kowace shekara suke yi ba. Gasar zamiya a kan ƙanƙara ta garuruwa goma sha ɗaya a lardin Friesland, mai kusan kilomita 200, wadda ke buƙatar ƙanƙara mai kaurin santimita 15, rabonta tun 1997. Don haka na nufi filin zamiya na Jaap Eden a gabashin birnin, zagayen mita 400 da inji ke daskarar da shi, wanda aka buɗe a 1961.

Masu gudu ba su ne suka kai ni ba. Wasu dattawa biyu na tsaya kallo, suna wani salo da ake kira schoonrijden. Wuƙar ƙarfen da ke ƙasan takalmin zamiya tana da baki biyu, na ciki da na waje. Mai wannan salo yana hawa bakin waje na ƙafar dama, jikinsa a miƙe kamar sanda, ya kwanta dama, zamiyar ta ɗauke shi ta yi baka zuwa dama. Kafin bakan ya rufe sai ya sauya ƙafa, ya kwanta hagu, ya yi baka zuwa hagu. Gaba yake tafiya, amma fuskarsa na lilo, jikinsa na kwanciya, ɗaya na bin ɗaya. Idan ka tsaya a bayansu, abin da fitilar fiffike ta yi a daren jiya ne kake gani a kafaɗunsu.

Turawan Ingila sun daɗe suna kiran wannan salo Dutch roll tun kafin a ƙera jirgin sama. Masanin lissafi ɗan Birtaniya George Bryan ya fitar da lissafin daidaiton jirgi a 1911, sannan a 1916 injiniyan Amurka Jerome Hunsaker, da yake bayanin wannan motsi, ya kwatanta shi kai tsaye da salon masu zamiyar. Akwai masu cewa daga layin jiragen ruwan Holan aka samo sunan, ko daga tangaɗin matuƙansu. Ni dai ban yarda da wannan ba, tunda na farkon yana rubuce, kuma ido ma ya gaskata shi.

Sunan yana da daɗin ji, abin kuwa ya ci rayuka. A watan Oktoba 1959, wani sabon Boeing 707 da ake horar da matuƙan kamfanin Braniff a cikinsa a jihar Washington ya shiga wannan layi. An yi gyara ba daidai ba, jirgin ya juya da ƙarfi har injina uku cikin huɗu suka ɓalle, mutum huɗu cikin takwas suka rasu. A watan Mayu 2013 jirgin dakon mai na sojan Amurka, KC-135, ya tarwatse a sararin Kirgistan bayan layin ya yi ta ƙaruwa, kuma taka fedar da ke juya allon wutsiya ya daɗa rura shi.

Abin da ke ba ni tsoro ke nan: ƙafar ɗan adam takan makara. Kafin matuƙi ya ji karkatar ya taka feda, hanci ya riga ya fara dawowa, sai takun ya zama turi. Na'urar da ake kira yo damfa tana auna saurin karkatar hanci, ta motsa allon wutsiya kaɗan-kaɗan a daidai lokacin, ba tare da fedar ta motsa ba. Idan ta lalace, abin da ake koyarwa shi ne a ɗauke ƙafa daga feda, a tare fiffiken da ke tasowa da gajeren taɓi na sitiyari a saki, sannan a sauko ƙasa-ƙasa a bi gudun da littafin jirgin ya tsara.

Da zan bar filin na leƙa sawun da dattawan suka bari a kan ƙanƙara: baka zuwa dama, baka zuwa hagu, kusan tsawo ɗaya, har ƙarshen miƙaƙƙen layin.