Raba burodi a kan keke cikin sanyin Jos

Sana'ata gashin burodi. Gidan burodina ƙarami ne, a Jos, kuma ba ni da motar raba kaya. Yarana ne ke ɗaukar burodin a kan keke su kai wa masu shayi da masu tireda, daga Unguwar Rogo zuwa Gangare da Dilimi, wani lokaci har Farin Gada. A da muna haɗawa da babur, amma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 na ga kuɗin fetur yana cinye ribar, sai muka koma keke gaba ɗaya. Irin tsohon Phoenix ɗin nan ne, mai walda ya ƙara wa kariyar ƙarfi, a ɗaure akwatin katako a kai.

Lokacin da ciniki ya fi kyau a nan aikin ya fi wuya. A watan Disamba da Janairu kowa shayi yake nema, kuma mai shayi yana son burodinsa ya iso kafin a fito daga sallar asuba, domin daga masallaci teburinsa jama'a ke nufa. Jos kuwa a kan tudu take, kimanin mita 1,200 sama da teku, kuma a tsakiyar hunturu awon yakan sauka ƙasa da digiri 10 da asuba. Ga busasshiyar iskar nan da ke kaɗowa daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar Sahara. Wanda ke tsaye a bakin ƙofa sanyi ɗaya yake ji, wanda ke gangarowa a guje a kan keke kuwa biyu yake ji.

Duk sabon yaro abu ɗaya yake yi: ya zo da ƙatuwar jaket mai soso, ya zuge ta har wuya. In na ce ya tuɓe sai ya ce, "Haba Maigida, so kake in ƙanƙare?" Abin da bai sani ba, mai tuƙa keke da kaya gumi ne ke kayar da shi. Ya fito daga ɗakin gashi jikinsa da ɗumi, ya hau tudu da akwati cike, kafin ya kai teburi na biyu singiletinsa ta jiƙe sharkaf. Sai ya tsaya yana ƙirga burodi, mai shayi yana ta jan magana a kan kuɗin jiya, jiƙaƙƙiyar rigar tana hucewa a jikinsa. Daga nan ya gangaro da akwati fanko, ba ya ko taka feda, iska tana dukansa a ƙirji. Irin wannan yaron ne gobe za a aiko a ce mura ta kwantar da shi.

Shi ya sa nake sa su saka riguna marasa kauri, ɗaya a kan ɗaya. Ta ciki rigar 'yan ƙwallo, don ba ta riƙe gumi kamar auduga. Sai suwaita, sai 'yar jaket ta leda mai zif da ke tare iska. A hawa a buɗe zif, a gangara a rufe. Dokar da nake ba su ita ce, in ka bar ƙofa ba ka ɗan jin sanyi, kayanka sun yi yawa. Wanda jaket ɗinsa ta mutu yakan cusa takardar buhun fulawa ko tsohuwar jarida a ƙirji, kuma tana aiki ƙwarai.

Inda ba na ja da kowa shi ne hannu. Ƙafa tana motsi, jiki yana aiki, yatsu kuwa suna kan ƙarfe a gaba, iska ta fara da su. Yatsan da ya sandare ba ya matse birki a kan lokaci, kuma keke mai kaya a gangaren Jos ba ya jiran kowa. Don haka safar hannu daga aljihuna take fita. Tun watan Oktoba nake shiga kasuwar Katako wajen 'yan gwanjo, kafin kowa ya tuna da kayan sanyi su yi tsada. Safar ulu zalla iska na ratsa ta, na fi son wadda aka yi wa fata ko leda a waje. Sai hular sanyi mai rufe kunne, amma ba mai kaurin da zai hana jin hon ba, da ƙyalle a hanci saboda ƙura. Silifas haramun ne, takalmi rufaffe da safa. Man kaɗanya kuma yana ajiye a bakin ƙofa, kowa ya lakata ya shafa a leɓe da hannu da dunduniya, don faso in ya kama mutum ko feda ba ya iya takawa da kyau.

Keken ma yana jin hunturu. Ƙura tana haɗuwa da baƙin mai a sarƙa ta riƙa cin haƙoran, don haka duk mako a wanke da kananzir, a ɗiga mai kaɗan, a goge. Ana duba iskar taya kafin a ɗora kaya. Fitila gaba da baya dole ce, domin ranar da hazo ya sauka direba ba ya hango mai keke sai ya zo dab da shi.

Burodin kansa sai an lallaɓa shi. Kwaɓi ba ya tashi da wuri a sanyi, sai mu kwaɓa da ruwan ɗumi mu fara aiki tun da dare bai yi nisa ba. In aka ɗaure burodi a leda da zafinsa gumi yake yi, in aka bar shi a buɗe iska ta busar da shi, mai shayi ya latsa ya ce kwantai ne. Saboda haka na sa aka lulluɓe cikin akwatunan da buhu, kuma ban yarda yaro ya bar murfi a buɗe yana ciniki ba.